Daga Rabon Gado Zuwa Allon Aji: Tarihin Lissafin Kaso da na Kusurwoyi da Ƙididdiga

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da lissafi a manyan azuzuwan firamare ya san wani kuskure da ba ya tsufa. Idan aka rubuta wa yaro 1/2 + 1/3 a allo, sai ya haɗa lambobin sama ya sami 2, ya haɗa na ƙasa ya sami 5, ya rubuta 2/5. Yaron nan kuwa, da za a ba shi rabin karan rake, a ƙara masa sulusin wani kara irinsa, ba zai taɓa yarda cewa abin da ke hannunsa bai kai rabin kara ba. Amma 2/5 da ya rubuta bai kai rabi ba. Wato abin da ya sani a bakin kasuwa bai biyo shi cikin aji ba. Irin wannan giɓi kan sake bayyana a sakandare, inda ɗalibi zai haddace ƙa'idojin sayin da kosayin ba tare da sanin abin da suke aunawa ba, ko ya fitar da matsakaicin jerin lambobi ya kasa faɗin abin da amsar ke nufi.

A wannan maƙala mun waiwayi tarihin fannoni uku da suka fi ba ɗalibai wahala, wato lissafin kaso, da lissafin kusurwoyi wanda ake kira tirigonometiri, da kuma ilimin ƙididdiga. Abin da muke son nunawa shi ne, kowannensu ya faro ne daga wata tambaya da ta dami jama'a, an kuma daɗe ana fama da tambayar kafin a kai ga ƙa'idar warware ta. Littattafan makaranta kuwa sun juya tsarin: ƙa'ida ce ke zuwa da farko, tambayar kuma sai a ƙarshen babi, in ma ta zo. Muna ganin sanin wannan tarihi zai amfani malamai da masu tsara manhaja ta fuska biyu, wato zaɓen misalai da zaɓen keɓaɓɓun kalmomin lissafi na Hausa.

2.0 Lissafin Kaso

2.1 Gurasar Misirawa

Ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan lissafi da suka iso gare mu shi ne wanda wani magatakarda Bamisire mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga wani rubutu da ya girme shi. Wani Bature mai suna Alexander Henry Rhind ya saye shi a garin Luxor a 1858, yanzu kuma mafi yawansa yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Littafin tarin matsaloli ne fiye da 80 tare da amsoshinsu, kuma na farko-farkonsu duk a kan raba gurasa ne ga mutum 10. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a zamanin ba a fara buga kuɗi ba, da gurasa da hatsi ake biyan ma'aikata.

Misirawa kan rubuta kaso ne da lamba 1 a sama, in ban da 2/3 wanda ke da alama tasa ta musamman. Saboda haka idan za a raba gurasa 9 ga mutum 10, amsar Ahmes ita ce kowa ya sami 2/3 da 1/5 da 1/30. Mai karatun yau zai ga wannan a matsayin doguwar hanya, tun da jimlarsu 9/10 ce. Sai dai ana iya ganin fa'idarta a wurin rabo: kowa zai tashi da yanka-yanka iri ɗaya da na ɗan'uwansa, babu mai cewa an ba shi tarkace an ba wani guda.

2.2 Uwa da Ɗa

A ƙasar Sin, littafin da ake kira Babi Tara na Fasahar Lissafi, wanda aka kammala haɗa shi wajen ƙarni na 1 Miladiyya, ya kawo ƙa'idojin taƙaita kaso da tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa kusan yadda muke koyar da su a yau. Masana Sin sun kira lambar ƙasa da suna uwa, ta sama kuma ɗa. Wannan suna darasi ne shi kansa: uwa ce ke faɗin irin yankan da aka yi, ɗa kuwa yana faɗin guda nawa aka ɗauka, kuma ba a tara 'ya'ya sai an tabbata uwarsu ɗaya ce.

Ɗora lamba a kan lamba daga Indiya ya fito, kamar yadda ake gani a aikin Brahmagupta na shekarar 628, amma babu layi a tsakaninsu. Layin ya bayyana ne a ƙarni na 12 a rubutun Alhassar, wani malamin hisabi na ƙasar Maroko. Leonardo na Pisa, wanda aka fi sani da Fibonacci, ya koyi lissafi a garin Bijaya na Aljeriya ta yau, ya kuma yi amfani da wannan salo a littafinsa na 1202. Ke nan ɗan layin da ɗalibi ke ja ba tare da tunani ba a Afirka ta Arewa aka fara ganinsa.

2.3 Rabon Gado

Babu inda lissafin kaso ya sami muhimmanci kamar a shari'ar Musulunci. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun ƙayyade kaso shida na magada: rabi da rubu'i da sumuni, da sulusi biyu da sulusi da sudusi. Muhammad bn Musa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya keɓe kusan rabin littafin ga matsalolin wasiyya da gado. Wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa ta littattafan fiƙihun Malikiyya irin su Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halilu, waɗanda har yau ake karantawa a zaure. Tare da shi ne kalmomin sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushuri suka zauna a bakin Hausawa.

Bari mu duba yadda malamin fara'ili ke aiki. A ce mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uba da uwa. Matar tana da 1/8, 'ya'yan biyu suna da 2/3, uba da uwa kowannensu yana da 1/6. Abu na farko da malamin zai nema shi ne asalin mas'ala, wato ƙaramar lambar da 8 da 3 da 6 za su raba ba saura. Lambar ita ce 24. Daga nan mata ta sami kashi 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4. Idan aka tara sai a sami 27, wanda ya zarce 24. A nan ne ake yin abin da malamai ke kira auli: a mayar da asalin mas'ala 27, ta yadda ragin zai shafi kowa gwargwadon rabonsa. Idan dukiyar Naira 270,000 ce, kowane kashi ya zama 10,000. Mata ta karɓi 30,000, 'ya'ya 160,000, uba 40,000, uwa 40,000. Sumunin matar ya koma ɗaya bisa tara. Wannan ita ce mas'alar da aka sani da Minbariyya, wadda ake danganta warware ta ga Sayyidina Ali (RA).

Abin lura a nan shi ne, asalin mas'ala shi ne ainihin abin da yaron da ya rubuta 2/5 ya rasa. Haka nan zakka ta ƙunshi ninka kaso da kaso: ushuri ga amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, rabin ushuri ga wadda aka shayar da wahala, rubu'in ushuri ga kuɗi. Wanda ya fahimci cewa rubu'in ushuri ɗaya bisa arba'in ne ya riga ya san 1/4 × 1/10 = 1/40, ko da bai taɓa ganin an rubuta haka ba.

2.4 Sule da Naira

Kaso na goma-goma, wanda muke rubutawa da ɗigo, ya bayyana a littafin Al'uƙlidisi da aka rubuta a Dimashƙa a 952, Alkashi kuma ya yi cikakken bayaninsa a Samarƙandi a 1427. A Turai, Simon Stevin ya wallafa ɗan littafi a kansa a 1585, inda ya yi kira ga hukumomi su mayar da kuɗi da awo bisa tsarin goma-goma.

Nijeriya ta bi wannan tsari a ranar 1 ga Janairu 1973, lokacin da Naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Sauyin ya sauƙaƙa lissafi, amma ya tafi da wata makaranta da ba a lura da ita ba. Sule kwabo 12 ne. Sisi kwabo 6, wato rabin sule. Taro kwabo 3, wato rubu'insa. Nai kwabo 9, wato uku bisa huɗu. Ahu kwabo ɗaya da rabi, wato sumuninsa. Yarinya mai talla da ta san sisi da taro nai ne tana yin 1/2 + 1/4 = 3/4 kullum. Da an tambaye ta rabin sule da sulusin sule, da ta ce kwabo 6 da kwabo 4, wato kwabo 10, wanda shi ne 5/6. Yaron yau ba shi da wannan madogara, don haka tilas manhaja ta samar masa da wata.

3.0 Lissafin Kusurwoyi

3.1 Baka da Tsirkiya

A littattafanmu, wannan fanni kan fara ne da alwatika mai kusurwar digiri 90. A tarihi kuwa da da'ira ya fara, kuma masu nazarin taurari ne suka ƙirƙire shi. Mutanen Babila ne suka bar mana ƙirga na sittin-sittin, wanda ya sa da'ira take da digiri 360, digiri kuma yake da minti 60. Hipparchus, Bagirke na ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), shi ake dangantawa da jadawali na farko a wannan fanni. Wanda ya iso gare mu kuwa shi ne na Ptolemy, wanda Larabawa ke kira Batlamiyus, a littafinsa Almajisti da ya rubuta a Iskandariya wajen shekarar 150.

Don gane abin da jadawalin ya ƙunsa, a dubi bakan maharbi. Itacen da ya lanƙwashe yanki ne na da'ira, tsirkiyar kuma miƙaƙƙen layi ne da ya haɗa bakinsa biyu. Abin da Batlamiyus ya lissafa shi ne tsawon tsirkiyar kowane baka, daga rabin digiri zuwa digiri 180, yana ƙara rabin digiri a kowane mataki. Masanan Indiya sun lura cewa rabin tsirkiya ya fi sauƙin aiki, domin shi da kibiyar da aka ɗana suna yin kusurwar digiri 90. Aryabhata ya kawo jadawalin rabin tsirkiya mai mataki 24 a shekarar 499. Wannan rabin tsirkiya shi ne sayin.

Tarihin sunan ya kamata ya tsaya a zuciyar duk mai ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi. Indiyawa sun kira shi jiya ko jiwa, ma'ana tsirkiyar baka. Larabawa suka ari kalmar suka ce jiba, amma da yake ba a cika sa wasali a rubutun Larabci ba, sai masu karatu suka riƙa karanta ta jaibu, wato wuyan riga ko aljihu. Masu fassara zuwa Latin a ƙasar Sifen a ƙarni na 12 suka fassara ta da sinus, kalmar da ke nufin ninkin riga, daga nan kuma aka sami sayin na Ingilishi. Kalmarmu ta aljihu ma daga wannan jaibu ta fito. Ke nan sama da shekara 800 ɗaliban duniya suna kiran tsirkiya da sunan aljihu, kuma sunan bai gaya musu kome ba game da abin da suke aunawa.

3.2 Inuwa da Alƙibla

A hannun masana Musulmi fannin ya sami sababbin tambayoyi biyu: lokutan salla da fuskar alƙibla. A mazhabar Malikiyya, lokacin La'asar yana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa bayan an cire inuwar zawali. Dangantakar tsawon sanda da tsawon inuwarta ita ce abin da ake kira tanjan a yau, Larabawa kuwa zillu suka kira shi, wato inuwa. Habash Alhasib, a ƙarni na 9, yana cikin na farko da suka tsara jadawalinsa. Albattani da Abul Wafa suka faɗaɗa aikin bayansa. Sunan tanjan bai bayyana ba sai 1583, a littafin Thomas Fincke.

Malami zai iya maimaita wannan a filin makaranta. Idan sanda mai tsawon mita 1.5 ta yi inuwa mita 2, bishiyar da inuwarta ta kai mita 24 a wannan lokaci tsawonta mita 18 ne. Raba 1.5 da 2 yana ba da 0.75, jadawalin tanjan kuma zai nuna cewa rana ta ɗaga kimanin digiri 37 daga ƙasa.

Batun alƙibla ya fi wuya, domin alwatikar tana kan doron duniya ne, wanda yake a dunƙule. Mukan ce mutum ya fuskanci gabas, amma lissafi ya nuna alƙiblar Kano tana wajen digiri 68 daga arewa zuwa gabas, ta Legas kuwa wajen digiri 63. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya rubuta littafi guda a kan tantance matsayin garuruwa, ya kuma fitar da alƙiblar Gazna a cikinsa. Shi ne kuma ya auna girman duniya daga wani dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau. Da farko ya auna kusurwar ɗaga kai zuwa ƙololuwar dutsen daga wurare biyu a fili, ya fitar da tsawonsa. Sannan ya hau dutsen ya auna kusurwar sunkuyawa zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa, wadda ta ɗan wuce rabin digiri. Da waɗannan ya fitar da nisan tsakiyar duniya daga doronta, amsarsa kuma ta kusanci wadda aka sani a yau, wato wajen kilomita 6,371. Tambayoyin kusurwar ɗaga kai da ta sunkuyawa da ɗalibanmu ke gamuwa da su a jarrabawar kammala sakandare jikokin wannan aiki ne.

Nasiruddin Addusi, wanda ya rasu a 1274, ya ware fannin daga ilimin taurari ya mai da shi mai cin gashin kansa. A Turai, Rheticus ne ya bayyana sayin da 'yan'uwansa ta gefunan alwatika a 1551, Pitiscus kuma ya raɗa wa fannin sunan da ake kiransa da shi a 1595. Wato abin da muke fara koya wa ɗalibi a makon farko yana cikin matakan da tarihi ya kai gare su a ƙarshe.

4.0 Ilimin Ƙididdiga

Ƙidayar mutane da dabbobi tsohon aikin hukuma ne. Halifa Umar (RA) ya kafa diwani don rubuta sunayen masu karɓar rabo daga baitulmali, a ƙasarmu kuma an san ƙidayar masu biyan haraji da ta shanun jangali. Sunan da Turawa ke kiran fannin ma daga kalmar hukuma ya samo asali, kuma Gottfried Achenwall na Jamus ne ya yaɗa shi a 1749. Sai dai ƙidaya ba ta zama ilimi ba sai da aka fara yi wa alƙaluma tambaya.

A ƙarni na 9, Alkindi ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a rubutun Larabci, ya nuna cewa da wannan za a iya kwance rubutun asiri, domin alamar da ta fi yawan fitowa a saƙon mai yiwuwa tana wakiltar harafin da ya fi yawa a harshen. Jadawalin yawan fitowa da muke koyarwa a ƙaramar sakandare ke nan. A 1662 John Graunt, wani ɗan kasuwar Landan, ya tattara takardun mace-mace da ake fitarwa mako-mako a birnin, ya gano abubuwan da ba wanda ya lura da su, ciki har da cewa jarirai maza sun ɗan fi mata yawa. William Playfair ya fito da zanen sanduna a 1786, da zanen da'ira mai yanka-yanka a 1801.

Misalai biyu daga tsakiyar ƙarni na 19 sun nuna abin da fannin ke iya yi. A 1854 cutar kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan. Likita John Snow ya bi gidajen waɗanda suka mutu, ya ga sun taru ne a kewayen famfon ruwa guda, hukuma kuma ta cire hannun famfon. A 1858 Florence Nightingale ta wallafa zane-zanen da suka nuna cewa a yaƙin Kirimiya cututtuka sun kashe sojojin Birtaniya fiye da raunukan fagen fama, wannan kuma ya taimaka wajen gyara tsaftar asibitocin soja da barikoki.

Game da matsakaici kuwa, a 1906 Francis Galton ya halarci wani baje kolin dabbobi a Plymouth, inda aka yi gasar cankar nauyin naman wani sa. Ya jera amsoshi 787 daga ƙarami zuwa babba, ya ɗauki na tsakiya, ya sami laba 1,207, ainihin nauyin kuwa laba 1,198 ne. Ya zaɓi na tsakiya ne don kada amsar mutum guda mai wuce gona da iri ta rinjayi ta sauran. Wannan dalili shi ne ɗalibanmu ba sa ji. A ce manoma biyar sun sami buhu 8 da 9 da 10 da 11 da 62. Matsakaici buhu 20 ne, na tsakiya kuwa 10. Duka amsoshin daidai ne a lissafi, amma wanda ya ce manomin ƙauyen yakan sami buhu 20 ya yaudari mai sauraro, tun da huɗu cikin biyar ba su kai kusa ba.

Ɗan Nijeriya ba ya bukatar a gaya masa nauyin alƙaluma. An soke sakamakon ƙidayar jama'a ta 1962 da ta 1973 saboda jayayya. Ta 1963 ta ba da fiye da miliyan 55, ta 1991 kusan miliyan 89, ta 2006 fiye da miliyan 140, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Ɗalibin da zai girma a irin wannan ƙasa yana bukatar ya iya tambayar wa ya ƙirga, yaya aka ƙirga, wa aka bari a baya.

5.0 Shigowarsu Cikin Manhajar Nijeriya

Makarantar boko da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa ta koyar, lissafi kuma yana cikin darussanta. Amma yayin da makarantu suka yawaita, jarrabawar Ingila ce ta zama ma'auni, daga baya kuma ta Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1952. Littattafai da misalansu daga waje suka zo, ilimin hisabin zaure kuma ya tsaya a zaure.

Daga 1962 aka fara tarurrukan Entebbe a Yuganda, waɗanda suka haifar da abin da aka kira lissafin zamani. Da shi ne ƙididdiga ta sami gurbi sosai a makarantu, amma ya zo da alamomi da ma'anoni masu nisa da rayuwar yara, malamai da yawa kuma ba su sami horon koyar da shi ba. A taron Benin na Janairu 1977, Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke shi. Manhajojin da suka biyo baya sun riƙe ƙididdiga a matsayin ɓangare na lissafin firamare da sakandare.

Ta fuskar harshe, aikin gwaji na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya koyar da darussan firamare, har da lissafi, da Yarabanci tsawon shekara shida. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi koyarwa da harshen uwa ko na yankin a farkon firamare, a 1987 kuma aka wallafa kundin kalmomin kimiyya da lissafin firamare a harsuna tara, ciki har da Hausa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa a dukan shekarun firamare, sannan a Nuwamba 2025 Ministan Ilimi ya sanar da janye ta da komawa ga Ingilishi. Duk da haka, malamin da ɗalibansa Hausa suke ji yakan koma ga Hausa idan bayani ya cije. Tambayar da ta rage mana ita ce, da waɗanne kalmomi da waɗanne misalai zai yi bayanin.

6.0 Shawarwari

Na farko, kowane babi ya buɗe da tambayar da ta haifi ƙa'idar. Kafin a ambaci neman lambar ƙasa ta bai ɗaya, a sa yara su raba abu a tsakaninsu. Rabon naman watanda, da rabon amfanin gonar gandu, da dozin ɗin ƙwai mai guda 12, duk za su iya tsayawa a gurbin sule, kuma sun dace da ɗalibai Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba.

Na biyu, kada a ƙirƙiri kalma inda harshe ya riga ya tanada. Rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushuri suna nan, haka nan asalin mas'ala, da baka da tsirkiya da inuwa. Inda ya zama dole a ari kalma, kamar sayin da kosayin da tanjan waɗanda ɗalibi zai tarar a takardar jarrabawa, a haɗa ta da bayanin Hausa mai nuna abin da take aunawa.

Na uku, a riƙa haɗa malaman fara'ili na zaure da na makarantun Islamiyya a kwamitocin tsara kalmomi, domin sun daɗe suna bayanin kaso da Hausa ga mutanen da dukiyarsu ta rataya a kan amsar.

Na huɗu, a darasin ƙididdiga ɗalibai su tattara alƙalumansu da kansu, kamar farashin mudun hatsi na makonni ko yawan masu fashin makaranta, kuma tambaya ta wuce neman a fitar da matsakaici, ta kai ga wane ma'auni ya fi dacewa da kuma dalili.

7.0 Kammalawa

Mun bi sawun fannoni uku daga Misira da Sin da Indiya da Bagadaza da Landan har zuwa azuzuwanmu. A kowannensu mun ga cewa mutane sun fara da bukata, kamar rabon gurasa ko gado, ko sanin lokacin salla, ko gano abin da ke kashe jama'a, ƙa'ida kuma ta zo daga baya. Mun kuma ga cewa wani ɓangare na wannan ilimi, musamman na kaso, ya riga makarantar boko zama a harshen Hausa. Muna fatan masu sabunta manhaja da marubuta littattafan ɗalibai za su yi la'akari da haka, ta yadda yaron da ya san rabin rake da sulusinsa sun fi rabi zai shigo aji da wannan sani, ya kuma iya rubuta 5/6 yana sane da dalilinsa.